Bunsurun Maƙwabtanmu

Ni mutum ne mai yawan waswasi, kuma tun ina yaro haka nake. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na ja kwaɗon na gani. Idan na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Matata takan ce da ana sayar da “anya” a kasuwa da tuni mun gina gidan kanmu. Ban taɓa jin haushin maganar ba, don gaskiya ce. Na fara da wannan ne domin a gane yadda bunsuru guda ya kusa raba mu da mutanen da suka fi kowa yi mana alheri a Legas.

A shekarar da nake magana abubuwa da yawa suka sauya mana. Na daɗe ina dako a kasuwar Mile 12, ina sauke kwandunan tumatir daga manyan motocin da ke zuwa daga arewa, ina kwana a rumfa tare da ’yan garinmu. Bayana ya fara ciwo, har ta kai idan na yi sujada sai na daɗe kafin in iya miƙewa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da tebur a kasuwar Agege inda yake sayar da tumatir da attarugu da albasa. Ya ce in bar dako in dawo wurinsa. Da na ga na sami wajen tsayawa sai na kama ɗaki, na je gida na ɗauko matata, a lokacin tana da ƙaramin ciki.

Gidan da muka kama irin wanda ɗakuna ke jere suna kallon juna ne, da siririyar hanya a tsakiya inda kowa ke ajiye rishonsa da bokitinsa. A bayan gida akwai rijiya da ɗan fili na siminti. Mai gidan wata tsohuwar Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata. Ɗakin da ke kallon namu na wasu mutanen Filato ne, Kiristoci, mata da miji da ’yan biyunsu mata. Mijin a da acaba yake yi, sai aka kama babur ɗinsa a hanyar da aka hana bi, bai sake ganinsa ba. Ya yi watanni yana zaune kafin ya sami aikin gadi a wata masana’anta a Isolo. Saboda kakin da yake sawa nake ce masa Oga, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake karatuna bai wuce firamare da ɗan abin da na samu a allo ba.

Matata ba ta ji daɗin Legas ba da farko. Ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turancin kan titi, ƙarar jirgin ƙasa da ta motocin haya da ake kira danfo ta hana ta sakewa. In na fita da asuba sai ta kulle kanta a ɗaki har in dawo. Sau da yawa nakan same ta idanunta sun kumbura. Wata rana ta ce da ni, “Motocin nan da suke kawo muku tumatir, ai komawa suke yi ko? Ka roƙar mini direba ɗaya ya mayar da ni.” Dariya ta yi da ta faɗa, amma na san ba wasa take ba.

Abin da ya tsayar da ita shi ne Maman ’yan biyu. Ita ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ce, “Amarya, fito mana ki sha iska, ɗakin nan zai dafa ki.” Matata ta ce da ta ji Hausa a bakin ƙofa sai da ƙirjinta ya buga don murna. Daga nan ta koya mata inda ake niƙa, da yadda ake taya kaya wajen matan Yarabawa, da abin da za ta ce wa kwandasta idan tana son sauka. Ranar da naƙuda ta zo ina kasuwa, ruwan sama ya cika layinmu har gwiwa. Ita ta nemo keke mai ƙafa uku ta kai ta asibiti. Da aka dawo gida ba uwa ba kaka, ita ta riƙa dafa ruwa safe da yamma tana yi mata wankan jego da ganyen darbejiya, ta dama mata kunun kanwa. Ranar suna ita ta tsaya kan tukwane. Ta ci naman ragonmu, ta ba ’ya’yanta, ba ta tambayi komai a kansa ba.

Da Kirsimeti ta gabato sai na dawo daga kasuwa na tarar da bunsuru baƙi mai farin goshi a ɗaure jikin rijiya, ’yan biyu suna ba shi ɓawon doya. Maman ’yan biyu ta tare ni a hanya.

“Malam, sannu da aiki. Ka ga baƙonmu?”

“Na gan shi, har na ji warinsa tun daga bakin titi.”

“To, kai za ka yanka mana shi ranar Kirsimeti. A garinmu haka muke yi, Musulmi ake kira ya yanka don kowa ya ci. Ina so Amarya ta ci har ta ƙoshi, mai shayarwa ce.”

Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Wai Kirsimetin bara, kafin mu zo, wani Musulmi ne a ɗakinmu. Ta kai wa iyalinsa shinkafa da kaza, suka karɓa da godiya, suka dawo mata da kwano a wanke. Da yamma ta je zubar da ruwa sai ta ga shinkafarta a kwata, har da cinyar kazar, kaji na tsattsaga.

“Da sun ce mini ba za su ci ba, da na ba ’ya’yana,” in ji ta. “Ba cin ne ya dame ni ba, Malam. Godiyar ce.”

Na ce mata in sha Allahu zan yanka. Ina shiga ɗaki tunani ya taso mini. Na farko, ko ya halatta in yanka abin Kirsimeti? Na je na sami limamin masallacin layinmu bayan la’asar. Ya ce abinci zan yanka, da sunan Allah zan yanka, kuma maƙwabci yana da haƙƙi a kaina. Kawu ya ɗan yi gunaguni, ya ce ranar ciniki ce, kada in makara. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza ba. Ragon suna ma ba ni na yanka ba.

Akwai wani tsohon mahauci da teburinsa ke kusa da namu, mutumin wajen Sakkwato, muna ce masa Baba. Wurinsa na je. Ya karɓi wuƙata ya gwada ta a farcensa, ya ce wannan ko albasa sai ta yi gardama da ita. Ya wasa mini ita da kansa. Ya nuna mini a wuyana inda zan ɗora, ya ce in fuskantar da dabbar alƙibla, in yi bisimilla da kabbara, in yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu.

“Abu ɗaya zan ja maka kunne,” in ji shi. “Idan ka fara, kada ka ɗaga hannu sai ka gama. Wanda ya ɗaga hannu ya tafi ya dawo, mushe ya yi.”

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Ina auna tumatir ina maimaita ta.

Ranar Kirsimeti, gari na wayewa, muka taru a bayan gida. Oga ya kwantar da bunsurun ya danne ƙafafunsa da gwiwa, na duba gabas har sau nawa, sai da ya ce, “Malam, gabas ɗin ba ta tashi daga inda take jiya ba.” Na riƙe haɓar, na yi bisimilla, na ɗora wuƙa. Na fara ke nan sai wani yaro a bayan katanga ya jefa banga, abin nan mai fashewa da yara ke wasa da shi a lokacin Kirsimeti. Ta fashe kamar a cikin kunnena. Na zabura, bunsurun ya zabura, jini ya feso mini a riga. Na dai danne na ƙarasa. Iya, da ke zaune kan kujerarta tana kallo, ta ɗaga murya ta zagi yaron da Yarabanci har sai da ta yi tari. Kowa ya yi dariya. Maman ’yan biyu ta ce, “Sannu Malam, Allah ya saka.”

Ina wanke hannu a bakin rijiya abin ya zo mini. Lokacin da na zabura, hannuna ya ɗaga ko bai ɗaga ba? Na rufe ido na nemi abin a kaina. Sai in ga wuƙar a wuyan, sai kuma in gan ta a sama. Duk wanda na ɗauka sai ɗayan ya fi kama da gaskiya.

Haka na tafi kasuwa. Ranar mutane sun yi yawa, mata na ta ture juna, kowa na son ta koma ta ɗora miya. Wata ta ce attarugu, na zuba mata albasa. Wata na ɗaure mata kaya na miƙa wa ta kusa da ita. Kawu ya ce, “Kai, yau aljanu ka kwana da su?” Ni kuwa lissafin mutane nake yi a zuci. Ba matata kaɗai za ta ci naman nan ba. Akwai wani mutumin Nijar mai sayar da shayi a ɗakin ƙarshe, akwai Iya da kanta, Musulma ce, akwai jikokinta. Duk za su ci ne saboda sun ga ni na yanka. In na yi shiru, na ciyar da su abin da ban tabbatar da shi ba. In na yi magana kuwa, Maman ’yan biyu za ta ce bara an zubar a kwata, bana an samo dabara. Kuma na san idan zumuncin nan ya ɓaci, ba abin da zai riƙe matata a Legas.

Da cinikin ya ɗan lafa na lallaɓa wajen Baba. Yana sara ƙashi, bai ko ɗago ba.

“Ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba?”

“Shi ne ban sani ba, Baba.”

“To, in ma ka ɗaga, nan take ka mayar, ko shayi ka je ka sha ka dawo?”

“Ina jin nan take ne. Amma anya…”

“Kai dai da anya! In nan take ne, yankanka ya yi, ku ci abinku. In an daɗe ne, bai yi ba. Wa ke wurin?”

“Mai bunsurun. Shi ya riƙe ƙafafu.”

“To, je ka tambaye shi.”

“Baba, ai Kirista ne.”

Sai a lokacin ya ajiye gatarinsa ya dube ni. “Ido fa na ce ya ba ka, ba limanci ba. Ba shi da ido ne?”

Na roƙi Kawu ya bar ni in je gida, ya ce in tafi, dama yau ɓarna nake yi masa.

Tun daga bakin layi ƙanshin suya ya tare ni. Sun dawo daga coci, ’yan biyu sun sha anko da sababbin takalma masu ƙara. Ɗana yana goye a bayan Maman ’yan biyu yana barci, matata kuma tana tsugune gaban kasko tana juya nama, tana dariya da dukan bakinta. Ban taɓa ganinta haka ba tun da muka zo. Na tsaya ina kallonta, na ji kamar in haɗiye maganar in huta. Amma na san kaina. In na haɗiye ta yau, gobe za ta taso, kuma lokacin an riga an ci.

Na yafito ta zuwa ɗaki na gaya mata. Ta saki ludayin da ke hannunta a kan tabarma.

“Yau ma? Yau ɗin ma sai ka yi mana anya?”

“Ba ni na so ba. Kin ɗanɗana?”

“Ban ɗanɗana ba, kai nake jira. Ta ce hanta taka ce, ta ware maka ita daban.” Ta juyo ta dube ni. “Matar nan ita ta wanke ni lokacin da ko tsayuwa ba na iyawa. In ka sa na mayar mata da kwano, wallahi ba zan iya sake kallon idonta ba. Sai dai ka nemo mini motar nan.”

Na ce mata ba kwano za a mayar ba, tambaya zan yi. Ta ce in je in yi ni kaɗai, ita ba za ta fito ba.

Oga yana zaune kan benci a bakin ƙofarsu, ya sa rigar atamfa irin ta ’ya’yansa, yana fifita da kwali. Na zauna kusa da shi. Na yi masa barka da Kirsimeti, na tambayi coci, na tambayi aiki, na sake tambayar coci. Ya ce, “Malam, faɗi abin da ya kawo ka, kana ta zagaye kamar danfon da ya rasa fasinja.”

Na rage murya na tambaye shi. Ban san Maman ’yan biyu ta zo ɗaukar gishiri a bayan ƙofa ba. Sai kawai na ji ta ce, “Oho.”

Na juya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara goyon ɗana, ta ce, “Na ce a kira Musulmi, an kira. Na ce a yanka a gabanku, an yanka. Yanzu kuma me ya rage? Ku faɗa mini kawai abincinmu ne ba kwa so.”

Oga ya ɗaga mata hannu ya ce ta bari. Na san abin da ya fi masa sauƙi: ya ce hannuna bai motsa ba, magana ta ƙare, a ci nama. Bunsurun nan shi ne na farko da ya iya saya tun da aka raba shi da babur.

“Ya ɗaga,” in ji shi.

Matarsa ta ce, “Baban ’yan biyu!”

“Gaskiya ya zo nema, ba zan ba shi wani abu ba. Ya ɗaga, Malam. Ina kallo, don tsoro nake kada ka haɗa da yatsana. Wuƙar ta yi sama kamar haka,” ya nuna da ɗan yatsa, tazarar ba ta kai faɗin farce biyu ba, “ta koma. Kafin ƙarar bangar ta mutu ka riga ka gama. Ko numfashi ban sauke ba.”

Na ce ya tabbata? Ya ce ya tabbata. Na sake buɗe baki, ya ce in na ƙara tambaya zai fara cajin kuɗin shaida. Sai na gaya musu abin da Baba ya ce, cewa in nan take aka mayar yanka ya yi. Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata, irin yadda nakan ji da, idan na sauke kwando.

Amma Maman ’yan biyu ba ta saki fuska ba.

“To, da ya ce an daɗe fa? Da yaya za ka yi?”

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Na faɗi abin da ya zo mini, kuma shi ne gaskiya. Na ce da ba za mu ci ba. Amma da bakina zan zo in gaya mata, laifin hannuna ne ba na tukunyarta ba. In je kasuwa in samo kaza in yanka a inda ba yara, ta dafa mana a cikin miyarta, mu ci a nan bakin ƙofarta. Na ce, “Kwanonki ba zai taɓa zuwa kwata daga ɗakina ba.”

Ta dube ni. Ɗana ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi ba tare da ta kawar da ido ba. Daga nan ta wuce wajen kasko, ta dawo da ɗan faranti da hanta a ciki, ta ajiye mini a cinya.

“Ci a nan. A gabana.”

Na yi bisimilla na ci. Ta zuba yaji kamar da gayya, hawaye suka zubo mini, na kama tari. Oga ya fashe da dariya yana bubbuga mini baya, daidai inda yake ciwo. Ita ma sai ta kasa riƙewa. Ta ɗaga murya ta ce, “Amarya! Fito ki ga mijinki yana kuka. Fito, naman zai ƙone!”

Matata ta fito, idanunta ja, ta ɗauki ludayinta ta koma gaban kasko. Sai da aka zuba shinkafa aka zauna, ta tura mini ruwa da ƙafa, na san ta huce. Mai shayi ya zo ya ci, Iya ta aiko jikarta da kwano babba, ta ce a ƙara mata ƙashi.

Washegari na koma wajen Baba, na ce ina so in ƙara fahimtar abin da ake nufi da nan take. Ya ɗauki tsintsiyar korar ƙuda ya nuna mini hanya.

Matata ba ta sake maganar motar tumatir ba. Da shekara ta zagayo, Oga ya sake sayo bunsuru, ja wannan karon. Da safe na fito da wuƙata sai na tarar Maman ’yan biyu ta tura ’ya’yanta bayan katanga su yi gadin masu banga, ita kuma tana tsaye a bakin rijiya da auduga a tafin hannunta.

“Zo nan, Malam,” in ji ta. “Kawo kunnen.”